FASHIN BAƘI: Yadda matashin kan iyakar Bagudo zai zaɓi ƙaramar na'urar sauraro da ba ta jiran sabis

A watan Mayun 2022 kamfanin Apple ya sanar da daina ƙera iPod, ƙaramar na'urar sauraren waƙa da ya fito da ita a watan Oktoban 2001, bisa la'akari da cewa wayar hannu da sauran na'urorinsa sun riga sun ɗauke aikinta. A biranen da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ta wadata har cikin motar haya, wannan hukunci bai zo da mamaki ba. Amma a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Najeriya ta haɗa iyaka da Jamhuriyar Benin, lissafin ya sha bamban. A Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da ƙauyukan da ke kewaye da su, har gobe ana cinikin ƙananan na'urorin da jama'a ke kira MP3, ko MP a taƙaice, kuma masu sayensu ba tsofaffi ne kaɗai ba. Akwai manomin shinkafa da ke wuni a fadama, akwai ɗan acaɓa, akwai ɗalibar Islamiyya mai haddar Alƙur'ani, akwai kuma saurayin da ke gudun asuba yana shirin tantancewar shiga aikin soja ko na kwastan.

Wannan bayani ya duba dalilin da ya sa na'urar ba ta mutu a irin wannan yanki ba, da abin da ya kamata mai saye ya lura da shi kafin ya miƙa kuɗinsa. Ma'aunin guda ɗaya ne: a wurin da sabis da wutar lantarki da tsaro ba su da tabbas, na'urar da ta fi amfani ita ce wadda ba ta dogara da kowa ba.

Me ya sa waya ba ta wadatar ba?

Duk wayar zamani tana kunna waƙa, har ma da ƙaramar waya mai madannai. Sai dai nauyin da aka ɗora wa waya a yau ya sa yi mata aikin rediyo ya zama kasada.

Na farko, waya ta zama banki. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, matasa da dama sun koma manhajojin tura kuɗi irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Layin wayar kuma an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa tun daga umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disamban 2020. Wanda wayarsa ta zame daga aljihu yana gudu, ko ta faɗa ruwa a kwale-kwale, ko aka fizge ta a tasha, ya yi asarar abin da ya zarce kuɗin wayar. Zai yi zirga-zirgar dawo da layi, wani lokaci sai ya niƙi gari zuwa Birnin Kebbi. Ƙaramar na'urar sauraro kuwa in ta ɓace, waƙa kawai ta tafi.

Na biyu shi ne caji. Bagudo tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma ƙauyuka da dama ko dai babu wutar sam, ko kuma tana zuwa ne kamar baƙon da bai yi sallama ba. Shi ya sa rumfar mai cajin waya ta zama sana'a. Wayar da ke yankin da sabis ba shi da ƙarfi ta fi saurin shanye batir, domin tana ta lalube ne tana neman ƙarfen sadarwa. A bakin iyaka abin ya fi tsanani, saboda wayar kan saki layin Najeriya ta kama na kamfanonin Benin, ta sake dawowa. Idan aka ƙara mata kunna waƙa na awa uku ko huɗu, kafin la'asar ta mutu, a daidai lokacin da mai ita zai iya buƙatar kiran gaggawa.

Na uku shi ne kuɗin data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Sauraren waƙa kai tsaye daga intanet a matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 58 a awa ɗaya. Mai sauraron awa guda kullum zai ƙone kusan gigabait 1.7 a wata, kuma duk lokacin da ya maimaita waƙar da ya ji jiya, ya sake biya. Manhajoji irin su Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, suna ba da damar ajiye waƙa a saurara ba da intanet ba, amma galibi waƙar tana kulle ne a cikin manhajar, kuma a wasunsu sai mai biyan kuɗin wata ne ke samun damar.

Akwai kuma darasin 2021. A watan Satumban shekarar aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da nufin daƙile 'yan bindiga. Makonni suka shuɗe miliyoyin mutane ba kira ba intanet. Wanda karatunsa da waƙoƙinsa suke kan katin memori ya ci gaba da sauraro. Wanda nasa ke rataye a intanet ya wayi gari hannu rabbana.

Daga kaset zuwa memori

Sauraro a tafe ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a 1979, amma a Arewa rediyo mai kaset da ake ratayawa a kafaɗa ne ya yi sarauta. Ta kansa muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, wanda ɗan Kebbi ne, suka shiga kowane lungu, haka ma tafsirin malamai da wa'azozinsu. Masu naɗar kaset a kasuwa su ne suka zama gidan rediyon talaka.

Tsarin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa, ya matse sauti ta yadda abin da ke cika kaset ɗari zai shige cikin kati mai girman farce. Da wayoyi masu ramin memori da Bluetooth suka yawaita, sai mai naɗar kaset ya rikiɗe ya zama mai tura waƙoƙi da kwamfuta a bakin kasuwa. Al'adar ta game yankin Sahel gaba ɗaya. A 2011 wani kamfanin faya-fayi na Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da kundin waƙoƙin da aka tattaro daga katunan wayoyin mutane a Kidal ta arewacin Mali, waƙoƙin da suka yi tashe ba tare da sun taɓa bi ta gidan rediyo ko shago ba.

Wannan tarihi ya shafi Bagudo kai tsaye. Yanki ne na harsuna da yawa: Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Kyanganci da Busanci, kuma dangi da surukai suna ɓangarorin iyakar biyu, daga Illo zuwa Segbana da Malanville. Waƙar bikin da makaɗin ƙauye ya yi da Dandanci, ko wa'azin da malamin gari ya gabatar da azumi, ba lallai ba ne a same su a wata manhaja ta duniya. A kan memori suke yawo daga hannu zuwa hannu. Don haka na'urar da ba ta karɓar kati ta rufe wa mai ita ƙofar abin da ya fi kusa da shi.

Iri uku da ake samu a kasuwa

Na farko ita ce 'yar ƙarama mai matsewa, wadda ake maƙalawa a wuyan riga ko ƙugun wando. Kamfanin Apple ya yi irinta da sunan iPod Shuffle daga 2005 zuwa 2017, kamfanin SanDisk kuma ya yi jerin Clip tun 2007. Waɗanda suka cika kasuwanninmu a yau galibi kwaikwayonsu ne daga Chana, ba su da sanannen suna. Ita ce ta dace da gudu da atisaye, domin ba ta da nauyi kuma ba ta tsalle a aljihu. Rauninta shi ne ƙaramin batir, kuma mafi arha a cikinsu ba su da fuskar da ke nuna sunan waƙa.

Na biyu ita ce mai ƙaramar fuska da madannai, mai kama da akwatin ashana ko ta ɗan fi shi tsawo. Tana nuna jerin abin da ke kan kati, sau da yawa tana da rediyon FM da damar naɗar murya. Ɗalibi ko mai hadda ya fi moriyarta, saboda zai iya zuwa kan surar da yake so ba tare da ya tsallake waƙa ɗari ba.

Na uku ita ce ƙaramar rediyo mai lasifika da ramin memori da na filashi, wasu har da tocila da ɗan faifan sola a baya. Ba ta dace da gudu ba, amma a gona da shago da majalisa ita ce gwana. Wasu daga cikinsu suna kama gajeren zango.

Akwai nau'i na huɗu mai faffaɗar fuskar taɓawa da tsarin Android, wanda waya ce a zahiri sai dai ba ta kira. Ga mai neman sauƙi, wannan gudun gara ne a faɗa wa zago: tsada, saurin cin caji, da buƙatar intanet don sabunta manhaja.

Abin da ya kamata a duba kafin a biya

Ramin memori shi ne sharaɗin farko. Na'urar da ke da ma'adanar ciki kaɗai, ranar da ta lalace ta tafi da duk abin da aka tara. Mai kati kuwa sai a zare a saka a wata. A tambayi kuma girman katin da take iya karantawa. Katunan da ba su wuce gigabait 32 ba suna zuwa ne da tsarin FAT32, waɗanda suka kai 64 zuwa sama kuma da tsarin exFAT, kuma da yawa daga cikin na'urori masu arha ba sa gane na biyun. Wanda ya sayi babban kati don burga zai iya isa gida ya tarar na'urar ta ce babu komai a ciki.

Na biyu, madannai na zahiri. Yatsa mai gumi ko mai laka ba ya aiki a fuskar taɓawa, kuma mai gudu ba ya son tsayawa don duba allo. A tabbatar madannin ƙara sauti da na rage shi daban suke da na tsallake waƙa, domin a wasu ƙananan na'urori madanni ɗaya ne ke aikin biyu, sai mutum ya so rage ƙara ya tsinci kansa a wata waƙar. Makullin da ke hana madannai dannuwa a aljihu shi ma abin nema ne.

Na uku, ta riƙa tuna inda aka tsaya. Wannan ƙaramin abu shi ke raba na'urar kirki da abin wasan yara. Zaman tafsiri ɗaya yakan wuce awa guda. Idan duk lokacin da aka kashe na'urar sai ta koma farko, mai ita zai gaji ya jefar. Gwajin ba shi da wuya: a kunna dogon karatu, a kai tsakiya, a kashe, a sake kunnawa a gaban mai shago. A duba kuma ko tana bin tsarin jakunkunan da aka ware a kan kati, ta yadda karatun Alƙur'ani ba zai cakuɗe da waƙar biki ba.

Na huɗu, batir. Alƙaluman da ake rubutawa a jikin kwali ba abin dogaro ba ne, musamman ga kayan da ba su da suna. Don samun ma'auni, kamfanin SanDisk ya ce Clip Jam tana kaiwa awa 18 da caji ɗaya, kuma kwaikwayonta masu arha ba sa kusantar haka. Ga rediyo mai lasifika, an fi samun kwanciyar hankali da wadda batirinta ke cirewa, ko dai BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia, ko kuma 18650 mai siffar gora, domin ana samunsu a shagunan kayan waya. Na'urar da batirinta ke manne a ciki, ranar da ya mutu ita ma ta mutu. Zafin Kebbi, wanda ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, babban makiyin batirin lithium ne. Kada a bar na'ura a rana, ko a kan tankin babur, ko a yi mata caji a ƙarƙashin matashi. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take.

Na biyar, bakin caja. A zaɓi wadda ke amfani da irin wayar cajin da ke gidan, wato USB-C ko micro-USB. Har yanzu wasu masu arha suna zuwa da tsohon baki mai suna mini-USB, wanda in igiyarsa ta ɓace, nemo wata a kasuwar ƙauye sai an sha wuya.

Na shida, ƙura da gumi. Idan an ga rubutu irin IPX4 a jikin kwali, ma'anarsa na'urar tana jure fantsamar ruwa da gumi. IPX7 na nufin tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. Harafin X ɗin nan yana nuna ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba. Sai an ga lamba 5 ko 6 a gurbinsa, kamar IP67, sannan ake maganar kariya daga ƙura, abin da ke da muhimmanci a lokacin hunturu. Mafi yawan masu arha ba su da ko ɗaya, don haka ƙaramar leda mai zif ta fi alƙawarin mai shago amfani.

Na bakwai, iyafis mai igiya ko Bluetooth. Mai igiya ba ya buƙatar caji, ya fi arha, kuma a ƙananan na'urori igiyarsa ce eriyar FM, in babu ita rediyon ba zai kama ba. Mai son Bluetooth ya lura da wani tarko: wasu na'urori karɓa kawai suke yi daga waya, ba sa aika sauti zuwa iyafis. A haɗa su a shagon a ji da kunne.

Batun rediyo

Ga matashin da ke bibiyar siyasa, rediyon da ke cikin na'urar ya fi ƙarfin a kira shi ƙari. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007, kuma al'adar sauraren labaran duniya da sassafe ta daɗe a karkarar Arewa. Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa waɗannan kafofi ma ba su da tabbas. Gwamnatin mulkin sojan Nijar ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a watan Disamban 2024, abin da ya shafi tashoshin FM da ke yaɗa shirye-shiryensu a ƙasar. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump. Mai sauraron da na'urarsa ke kama FM da gajeren zango yana da ƙofa fiye da ɗaya, in an rufe wannan ya leƙa waccan. A sani kuma cewa FM ba ya tafiya nesa. Tashar da ake ji raɗau a Birnin Kebbi ba lallai ba ne ta iso ƙauyen bakin iyaka, don haka a gwada a inda za a yi amfani da ita, ko a tambayi maƙwabcin da ke da irinta.

Damar naɗar murya ma tana da nata amfanin. Alƙawarin da ɗan takara ya ɗauka a bainar jama'a ranar gangami, idan yana kan kati, ba ya goguwa bayan zaɓe.

Lissafin memori da matsalar jabu

Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti. Ke nan katin gigabait 8 yana ɗaukar sama da awa 130, na 16 kuma ninkin haka. Karatu da wa'azi, da yake murya ce kawai, ana iya matse su zuwa rabin wannan girma ba tare da kunne ya ji bambanci sosai ba. Saukar Alƙur'ani cikakkiya, ko da ta kai awa 40, ba za ta wuce gigabait ɗaya da ɗan ɗoriya ba a wannan ma'auni. Mai gudun minti 40 kullum zai yi wata shida bai maimaita abin da ke kan katin gigabait 8 ba. Don haka katin 8 ko 16 na gaske ya wadatar.

Kalmar "na gaske" ita ce matsalar. Katin jabu yana nuna wa waya ko kwamfuta cewa yana da gigabait 64, alhali abin da ke cikinsa kaɗan ne. Yana karɓar duk abin da aka tura masa, sunayen waƙoƙin suna bayyana, amma da an wuce ainihin girmansa sai sababbin su ƙi kunnuwa ko su danne tsofaffin. Mai kwamfuta zai iya tantance shi da manhajar H2testw, wadda kyauta ce. Wanda ba shi da ita, ya sa mai tura waƙoƙi ya cika katin, a zare, a mayar, sannan a kunna wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe. Babban kati a farashin ƙarami alama ce ta araha ba ta ado. Kuma duk abin da mutum ba ya son rasawa, ya ajiye kwafinsa a kati na biyu.

Kasuwar bakin iyaka

Kusan duk waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, ta tashar jiragen ruwan Legas ko ta Kwatano, don haka farashinsu yana bin canjin kuɗi. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya. Sakamakon haka, kayan da a da ake tsallakawa Malanville a sayo da rahusa, yanzu ba dole ba ne su fi na Jega ko Birnin Kebbi ko Kano arha in aka juya lissafin zuwa naira. Yankin ya kuma sha fama da rufe-rufen iyaka, daga wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a watan Agustan 2019 zuwa wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, wanda ya tsayar da zirga-zirga a gadar Malanville da Gaya. Kowane rufewa yana ƙara wa kaya tsada kafin su iso hannun mai saye.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibi a cikinsu. Amma doka tana aiki ne inda ake iya gano mai sayarwa. Wanda ya saya daga ɗan tebur da ke bin kasuwannin mako-mako, ko daga tsallaken iyaka, ba shi da wurin kai ƙara. Ya fi dacewa a saya a shagon da aka san mai shi, a karɓi rasiɗi, a kuma yi yarjejeniyar kwana biyu ko uku na gwajin batir. A tafi da kati da iyafis na gida, domin ba a sayen kura a cikin buhu.

Kunne da hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'auninta ga baligi shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. In ƙarar ta kai 90, lokacin ya ragu zuwa awa huɗu kacal. Wayoyin zamani suna gargaɗi idan an wuce ƙa'ida, ƙananan na'urori masu arha kuwa ba ruwansu. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sautin na'ura. Idan na kusa da kai yana jin abin da kake saurara, ko kunnenka yana ƙugi bayan ka cire iyafis, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma waƙa tana taimaka wa mutum ya jure. Amma mai gudu a gefen titin da manyan motoci ke bi ya bar kunne ɗaya a buɗe, ya kuma fuskanci motocin da ke tahowa. Mai tuƙa babur bai kamata ya toshe kunnuwansa ba ko kaɗan.

Sai batun tsaro. A watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a watan ne kuma aka kai harin garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ta a matsayin ƙungiyar ta'addanci. Rahotannin jaridu da na masu bincike sun nuna cewa a ƙauyukan Tangaza da Gudu 'yan ƙungiyar sun riƙa hukunta masu sauraren kiɗa. A tsallaken iyaka ma, yankin Alibori na Benin yana fama da hare-haren masu ɗauke da makamai. Mai fita atisaye a irin wannan yanki ya fita cikin ayari, bayan gari ya waye, a hanyar da aka sani, kuma kunnensa ya kasance yana jin ƙarar babur daga nesa.

Haƙƙin mai waƙa

Sauƙin tura waƙa yana da wanda yake cutarwa. Mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo ba ya samun ko sisi daga dubban katunan da aka cika da aikinsa, kuma masana'antar Kannywood ta daɗe tana kuka da satar fasaha. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi kwafin da ake yi ta na'urorin zamani. Mai sauraro na iya rage ɓarnar: ya sauke daga shafukan da mawaƙi ya saki waƙarsa da kansa, ya saya inda ake sayarwa, ya kuma tuna cewa ɗimbin karatuttuka da wa'azozi masu su ne suka sake su kyauta domin a yaɗa.

Tambayar da ke gaban hukuma

Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kaiwa kashi 70 cikin ɗari, amma alƙaluman NCC na 2025 sun tsaya kusa da rabi. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, domin kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma ƙauyukan bakin iyaka suna sahun gaba a wannan siffa. Matashin Bagudo yana da haƙƙin tambayar ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Bagudo da Suru, da sanatan Kebbi ta Arewa, ƙauyuka nawa ne a mazaɓar suka amfana da asusun, kuma nawa ne aka sa a kasafin da ke tafe. Kafin amsar ta zo, na'ura mai kati da madannai da batirin da ake iya sauyawa za ta ci gaba da aiki a ranar da sabis ya ɗauke.